Sharhi: Daga kachallar Nguru zuwa buhun gyaɗa, binciken da ke jiran mai aiki da shi

A ranar 2 ga Fabrairun kowace shekara ake bikin Ranar Dausayi ta Duniya, domin tunawa da yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna da aka ƙulla a birnin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. A Najeriya bikin kan wuce ne da jawaban jami'ai da ɗaukar hotuna, kuma mazauna birane da dama na ganin zance ne na masu sha'awar kallon tsuntsaye. Amma ɗan kasuwar da ke sarin hatsi a Dawanau, da ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a cefane, suna da ruwa da tsaki a wannan magana. Bandar kifin da ake lodi daga Nguru da Gashuwa, da shinkafar Haɗeja, da tumatirin Kadawa, duk ruwa ɗaya ne ke raya su, kuma abin da ya sami ruwan ko gonakin da ke gefensa yakan biyo mota ya iso kasuwa.

Fannoni biyu na binciken kimiyya sun shafe fiye da shekara talatin suna nazarin wannan al'amari. Na farko yana duba yadda ruwa da ciyayi da kifi da tsuntsaye ke rayuwa tare a dausayi. Na biyu yana neman hanyar yaƙar cututtuka da ƙwarin amfanin gona ta amfani da wasu halittu masu rai a maimakon feshin guba. Dukansu sun tsaya a kan magana guda: annoba kan samu gindin zama ne idan an rushe abin da ke taka mata birki, kuma mayar da wannan birki ya fi arha a kan yaƙi da ita kowace shekara. An gwada wannan ilimi a ƙasar nan, ya kuma yi aiki. Abin da ya rage shi ne hukunci daga masu riƙe da makullin madatsun ruwa da masu riƙe da kasuwa.

Yadda kachalla ta ci dausayin Haɗeja da Nguru

Dausayin Haɗeja da Nguru yana shimfiɗe ne a jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke rarrabuwa zuwa rassa a tsakanin tsofaffin tuddan yashi, kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi, mai faɗin hekta 58,100.

Rayuwar wannan yanki ta ginu ne a kan zuwan ruwa da janyewarsa. Da damina ambaliya kan malale fili, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya shuka shinkafa. Idan ruwa ya fara ja, sai a bi danshi a shuka wake da sauran amfanin rani, makiyaya su sauko da shanu, ruwan da ya nutse a ƙasa kuma ya cika rijiyoyi. Fili ɗaya yakan ciyar da masunci da manomi da makiyayi a lokuta daban-daban na shekara. A shekarun ruwa mai kyau na can baya, ambaliyar kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000.

Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa da aka kammala a 1992, sun sauya wannan tsari. Su biyun ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan kogin Haɗeja. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne, domin da ruwan Tiga ake noman rani a Kura da Kadawa, kuma daga ruwansu birnin Kano ke sha. Sai dai sun rage ƙarfin ambaliyar damina, sun kuma sa kogin da a da yake ƙafewa da rani ya riƙa gudana a hankali duk shekara.

Wannan shi ne yanayin da ciyawar kachalla ke so: ruwa marar zurfi, mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙafewa. A da bushewar rani da ƙarfin ruwan damina ke hana ta yaɗo. Da aka cire mata waɗannan takunkumi biyu, sai ta cika mashigai, saiwoyinta suka riƙa tare laka, lakar kuma ta ƙara rage zurfin ruwa, ta buɗe mata sabon fili. Sakamakon ya zo da ban mamaki. Wasu rassan kogin, irin su Burum Gana da na Kafin Hausa, sun toshe har garuruwan da ke bakinsu suka rasa ruwa, yayin da ruwan ya karkata ta mashigar Marma ya mamaye gonakin yankin Nguru ya ƙi janyewa. Wani yana kukan ƙishirwa, maƙwabcinsa yana kukan ambaliya, kuma sanadin ɗaya ne.

Barnar ba ta tsaya nan ba. Kachalla na hana kwalekwale da koma wucewa. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana suna hayayyafa, su fito su faɗa wa shinkafa da gero da alkama. Ruwan da ke kwance a gindinta mafaka ce ga sauro, da kuma dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya ga mutane da ta ciwon hanta ga dabbobi.

Lissafin da aka yi tun shekarun 1990

Masana ba su jira abin ya lalace ba kafin su yi gargaɗi. Tun 1987 aka kafa wani shiri na kare dausayin tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje, wanda ya riƙa auna faɗin ambaliya da ƙidayar tsuntsaye shekara bayan shekara. A kan waɗannan alƙaluma ne masanin tattalin arziki Edward Barbier da masanin ruwa Julian Thompson suka wallafa wani nazari a 1998, inda suka kwatanta ribar da manyan ayyukan noman rani ke kawowa da asarar da masu noma da su da itacen girki ke yi a ƙasan kogi. Sun gano cewa ribar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar ba. Shawararsu ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a tsakiyar damina, bisa tsari, domin a kwaikwayi ambaliyar asali, kuma a yi taka-tsantsan da gina sabuwar madatsa a Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana kawo ambaliya yadda Allah ya tsara.

An ɗauki wasu matakai daga baya. A 2006 jihohi shida da ke cikin kwarin, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, sun kafa asusun haɗin gwiwa don kula da ruwan. Al'ummomi sun yi ta aikin gayya suna yanke kachalla a ƙarƙashin ruwa, domin idan kututturen ya nutse iska ba ta kai wa saiwa, sai ta ruɓe. Gwamnatoci sun sayo injinan yasar kogi, musamman bayan mummunar ambaliyar 2022. Masu bincike na Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, tare da takwarorinsu na Sifen da Amurka, sun gwada sarrafa ciyawar ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki, kamar yadda ake mayar da ita gawayi a kwarin kogin Senegal, inda ita ma ta yaɗu bayan gina madatsar Diama a 1986. Duk waɗannan suna da amfani. Amma muddin ruwa na kwance duk shekara, abin da aka yanke bana zai tsiro baɗi, kuma kuɗin yasa zai zama haraji na dindindin a kan baitulmali.

Maganin biri karen Maguzawa

Tambayar da mutane kan yi ita ce: me ya hana a samo wani ƙwaro da zai cinye kachalla? Tambayar tana da tushe, domin wannan dabara ta taɓa ceton Afirka. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotse ganyen rogo ya shigo nahiyar daga Kudancin Amurka, ya bazu ba tare da mai tare shi ba. Masu bincike suka bi sawunsa har ƙasar Paraguay, suka samo wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke zuba ƙwansa a cikin jikin ƙwaron. A 1981 aka fara sakin zanzaron a Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, da ke Ibadan, daga nan aka rarraba shi a ƙasashe da dama, har da ta jirgin sama. Wani lissafi da aka yi a 1988 ya nuna kowace dala ɗaya da aka kashe ta jawo ribar dala 149, kuma jagoran aikin, Hans Herren, ya samu kyautar abinci ta duniya a 1995. Manomin rogo bai biya ko sisi ba.

An yi irin haka a ruwa. Wata ciyawa mai yawo kamar kainuwa, mai kyakkyawan fure, ita ma 'yar Kudancin Amurka, ta rufe gaɓar Tafkin Victoria har ta hana jiragen ruwa tashi. A tsakiyar shekarun 1990 aka saki wasu ƙwari iri biyu da ba sa cin komai sai ita, kuma zuwa ƙarshen shekarun ta ragu ƙwarai, ko da yake ruwan sama mai yawa na 1997 da 1998 ya taimaka wajen karya ta.

Abin lura shi ne, ƙwaron rogo da ciyawar Victoria duk baƙi ne da suka baro abokan gabarsu a gida, don haka magani shi ne a je a ɗauko musu abokan gabar. Kachalla kuwa 'yar gida ce, ta daɗe a fadamun Afirka ba ta dami kowa ba. Karen da ke tsare ta shi ne rani da ambaliya, kuma mu muka ɗaure shi. Saboda haka maganinta yana hannun injiniyan da ke buɗe ƙofar dam. Dole kuma a tuna cewa shigo da halitta daga waje ba wasa ba ne. Kwaɗon da aka kai Ostireliya a 1935 don ya ci ƙwarin rake ya zama annobar da har yau ba a shawo kanta ba, shi ya sa ake shafe shekaru ana gwaji a killace kafin a saki komai.

Fumfunar da ke korar 'yar'uwarta

Misalin da ya fi shafar aljihun ɗan kasuwa da lafiyar iyali shi ne na gubar afulatoksin. Wata fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa take samar da ita, tana kama gyaɗa da masara tun a gona, musamman idan fari ya galabaitar da shuka, sannan ta ci gaba da aiki a rumbu idan akwai danshi. Duniya ta farga da ita a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Amma yawancin ɓarnarta a ɓoye take. Ba ta da ɗanɗano, dafuwa ba ta kashe ta, tana bin ƙuliƙuli da kunu da tuwo, har da nonon dabbar da ta ci. Tana haddasa sankarar hanta, haɗarin kuma ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. Tana daga cikin abubuwan da ke tare wa gyaɗarmu hanya a kasuwannin Turai, inda iyakar da aka amince da ita a gyaɗar ci ba ta wuce kashi 4 cikin biliyan ba.

Masu bincike na IITA, tare da Ma'aikatar Noma ta Amurka da jami'o'in Ibadan da Bonn, sun lura cewa a cikin dangin wannan fumfuna akwai waɗanda ba sa fitar da guba. Suka tattaro samfura daga gonakin Najeriya, suka zaɓi iri huɗu, suka lulluɓe su a jikin gasasshiyar dawa da aka rina shuɗi don kada a ci. Wannan shi ne Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa cikakkiyar rajista a 2014. Manomi kan watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Fumfunar mai kyau sai ta riga mai guba kama wuri, ta cika gonar, ta kuma bi amfanin har rumbu. Gwaje-gwaje na shekaru a gonakin manoma sun nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin ɗari ko fiye.

To me ya sa ba a ganin shuɗiyar dawar nan a kowace gona? Domin ba ta ƙara yawan buhu yadda taki ke yi, kuma a kasuwar ƙauye buhu mai tsabta da mai guba kuɗinsu ɗaya. Wani shiri mai suna AgResults da aka fara a 2013 ya gwada biyan ladan dala 18.75 a kan kowane tan na masarar da aka tabbatar an yi mata amfani da maganin, sai dubban manoma suka shiga, kamfanonin abincin kaji da na sarrafa abinci kuma suka riƙa sayen masarar da ɗan ƙari. Darasin a fili yake: kimiyya ta gama nata, farashi ne zai ja manomi.

Akwai wasu misalan a kusa da mu. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, masu bincike sun koya wa manoma kiwon wani ɗan zanzaro a cikin ƙananan buhunan algarara, wanda ke kashe tsutsar murzuna mai cin zangarniyar gero. A Cibiyar Binciken Noma ta Samaru da ke Zariya an yi nazarin wata fumfuna da ke kama wuta-wuta ta bar dawa da masara lafiya, kuma a Kenya an riga an yi wa irin wannan magani rajista.

Inda dausayi da gona suka haɗu

Shinkafa ce ke nuna alaƙar fannonin biyu ƙarara. Akwai wani ɗan ƙuda da tsutsarsa ke shiga zuciyar shinkafa ta mayar da ganyen kamar na albasa, wanda ya yi mummunar ɓarna a Abakaliki a 1988. Masu binciken shinkafa sun gano cewa ciyawar tumbin jaki da ke fitowa a bakin fadama tana ɗauke da wani ɗan'uwan ƙudan wanda ba ya taɓa shinkafa, kuma a jikinsa ne zanzaron da ke kashe ƙudan shinkafa ke rayuwa kafin shuka ta tashi. Manomin da ya feshe wannan ciyawa ya kori mai gadinsa da hannunsa. A ɗaya ɓangaren, shinkafar daji da ke zama kore duk shekara a ruwan da ba ya ƙafewa takan zama maɓoyar ƙudan da kuma cutar da ke sa ganyen shinkafa rawaya. Sanin wace ciyawa za a bari, wacce za a cire, aikin mai binciken dausayi ne da mai binciken cutar tsirrai tare.

Idan babu wannan sani, abin da ke saura shi ne feshi, kuma mun ga iyakarsa. A 2016 tsutsar da manoman Kano ke kira sharon ta cinye tumatir duk da feshin da aka yi ta yi, domin tana ɓuya a cikin ganye kuma tana saurin sabawa da magani; Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, farashin kwando ya ninka sau da yawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka samu a ciki. A 2023 cutar fumfuna ta durƙusar da noman citta a Kudancin Kaduna. Gubar da ake fesa wa jan baki daga jirgi kan kashe wasu tsuntsayen da ba su ci ba su sha ba, abin da aka fesa a gonakin rani kuma magudana kan kai shi inda kifi yake.

Abin da ya rage a yi

Mataki na farko na hukumomin ruwa ne. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da jihohin da abin ya shafa suna buƙatar jadawalin sakin ruwa da kowa ya sani, wanda zai ba da ambaliya mai tsari da damina, ya kuma bar wasu rassa su bushe na ɗan lokaci da rani. Wannan ba zai zo da sauƙi ba, domin mai noman rani a Kura da mai shan ruwan famfo a Kano suna da nasu haƙƙin, kuma sai an share mashigai an sanar da jama'a kafin a saki ruwa, don kada gyara ya zama ɓarna. Amma rabon da ake yi yanzu ma rabo ne, sai dai an yi shi ba tare da an tambayi na ƙasan kogi ba.

Na biyu na kasuwa ne. Akwai na'urorin gwajin afulatoksin masu ba da sakamako cikin mintoci. Idan ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi suka kafa wurin gwaji a manyan kasuwanni, suka ware farashin buhun da ya ci jarrabawa, manomi zai nemi maganin da kansa. Gwamnati ma babbar mai saye ce, ta hanyar rumbunan ajiya da ciyar da ɗalibai da gidajen gyaran hali, kuma sharaɗin gwaji a takardar kwangila ba ya buƙatar sabuwar doka.

Na uku ya shafi jami'o'i da masu ba su kuɗi. Nazarin dausayi yana buƙatar awo na shekara goma ko ashirin ba yankewa, alhali yawancin tallafin bincike na shekara biyu ne ko uku, wasu kuma na ƙarewa da tafiyar mai bayarwa daga waje. Jami'o'in Gashuwa da Dutse da Kano da Maiduguri suna kusa da ruwan, ya dace asusun TETFund ya ware musu tallafi mai dogon zango, a kuma riƙa auna malami da abin da ya isa gona, ba yawan takardun da ya wallafa kaɗai ba. Magungunan da ke ɗauke da halittu masu rai ba sa jure zafin shago kamar kwalbar guba, kuma lokacin amfani da su ƙayyadadde ne, don haka sai da malaman gona da dillalan da aka horar, da bayani cikin harshen da manomi ke ji.

Jadawalin ruwa da na'urar gwaji da albashin malamin gona ba abubuwa ba ne da ake yanke musu kyalle a gaban 'yan jarida, shi ya sa suke shan kaye a hannun kwangilar sayen injina da maganin feshi a lokacin kasafin kuɗi. Ma'aikacin da ke rubuta wannan kasafi da ɗan kasuwar da ke yanke farashin buhu su ne ke da ikon sauya lissafin, kuma su ne za su ci tuwon da aka tuƙa da abin da ya fito daga gonar.